Gobe Ne Kwana Na Takwas

Ya mai girma shugaban taro, Mista Obadiah Clegg, mai babbar masaƙar garin nan. Ya limamin cocinmu. Ya Likita Ashworth. Ya dattawan majalisa. Ya ku masaƙa maza da mata da kuka yi cirko-cirko a bayan zaure, da burbushin auduga a gashinku: ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Ina godiya da aka ba tsohuwar ungozomarku, Keziah Tattersall, damar magana. Zan yi sauri, domin hankalina ba a kwance yake ba. Lambar agana na gab da yankewa a garin nan, ga jarirai arba'in ba a yi musu ba, kuma gobe kaɗai ta rage mana.

An tara mu ne murnar ƙidaya. An ce cikin shekara talatin mutanen garinmu Aldersbeck sun ninka uku, masu ilimi kuma sai muhawara suke yi a kan dalili. Da ni aka fara tambaya da an huta, don rabin zauren nan ni na yanke wa cibi.

Dalili na farko, zuwa muka yi. Da aka killace makiyayar ƙauyukanmu, injin kuma ya kashe saƙar gida, sai muka ɗaure tsummokaranmu muka biyo hayaƙin masaƙa.

Na biyu, aure ya daina jira. A zamaninmu namiji ba ya aure sai ya gaji gona. Mijina Silas sai da sanƙo ya cinye masa rabin kai sannan ya same ni. Yau kuwa yarinya na saƙa, saurayi na saƙa, suna shekara ashirin sun kama ɗaki. Na ce wa wata, “Ke Phoebe, saurin me kike yi?” Ta ce, “Inna, jiran me zan yi? Gonar ubansa tana ƙarƙashin masaƙa!”

Na uku, dankali da hatsin da jiragen ruwa ke kawowa sun sa nonon uwa ba ya ƙafewa da sanyi.

Na huɗu shi ne babba, shi ne kuma ba a ambata ba yau. Mahaifiyata ta haifi tara, agana ta kwashe biyar. Ban ce tari da gudawa sun bar lungunanmu ba, amma wane ne a cikinku ya binne ɗa saboda agana a 'yan shekarun nan? Lamba ce ta tsare mana su. Lamba kuwa daga dantse zuwa dantse take tafiya. A tsaga wa jariri yau, ranar kwana takwas ƙurjin ya nuna, a dawo da shi likita ya ɗebi ruwan ya tsaga wa wasu. Wanda ya karɓa, shi zai bayar. Shekara goma sha shida muna haka, igiyar ba ta taɓa tsinkewa ba.

Yanzu an yi doka: ƙararrawa na bugawa a kulle ƙofar masaƙa, wadda ta fita ta bar aikin ke nan. Likita ba ya tsaga sai da hasken rana, uwa kuma ba ta yarda a taɓa ɗanta da ƙarfe ba ta nan. Saboda haka makon jiya jaririya ɗaya tak aka yi wa lamba a duk garin nan. Gobe ne kwananta na takwas. In ƙurjinta ya bushe, sai an aika birni, sai a yi wata ana jira. Agana kuwa an ce ta riga ta sauka a masaukin 'yan jirgi, tafiyar rabin yini daga nan. Ina jin tsoro, jama'a, ban ɓoye muku ba.

Jaririyar nan, ranka ya daɗe shugaba, jikarka ce Harriet. Daga dantsen ɗiyar Phoebe aka ɗebo abin da aka tsaga mata. Jiya na je gidanku roƙo, mai aiki ta tare ni a ƙofar baya ta ce, “Uwargida ta ce ba a kai 'yar gidan nan cikin 'ya'yan lungu.” Ban yi fushi ba. To, na yi, amma na haɗiye.

Roƙona biyu ne, a gaban jama'a nake yinsa. Gobe da tsakar rana ka tsayar da injin na awa biyu, iyaye mata su fito. Sannan ka ɗauko Harriet da hannunka ka kawo ta zauren nan. Yawan jama'ar da kake taƙama da shi yau, yana kwance a dantsen jaririya 'yar wata huɗu.

Ubangiji ya tsare 'ya'yanmu, na lungu da na bene. Ya tausasa zukatan masu iko, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni dai gobe zan shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan teburin nan, in zauna ina kallon ƙofa.

Na gode.