Ruwan Saman Waterloo da Bakin Malam Boubacar

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Abdul-Fatawu, jagoran ƙungiyarmu ta masu jin Hausa a Queens, nan Amurka. Malam Liman da Baba Fasto, da na ga an zaunar da ku teburi ɗaya. Iyayena mata da ƙannena. Direbobin tasi da suka ajiye mota ranar Asabar sukutum. Ma'aikatan jinya da suka taho kai tsaye daga aiki. Mutanen Bronx, mutanen Harlem, da mutanen Port Richmond da suka tsallako ruwa. Da ku yaranmu na can baya, masu jin Hausa ku mayar mana da Turanci: assalamu alaikum, barkanku da zuwa.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu a walimar samun sauƙin Malam Boubacar. Ina gode wa maiɗakinsa, Hajiya Ramatu, da ta ce ni zan yi magana. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Mariya mai tuwo, Bakanuwa, shagona na nan unguwar Jamaica a Queens, inda direbobin filin jirgi suke cin abincin rana. Ban yi karatun tarihi ba, amma an yi yaƙin Waterloo a teburina fiye da yadda aka yi shi a Turai.

Magana ta farko, su wane ne mayaƙan. Malam Boubacar mutumin Maraɗi ne, malamin tarihi ne a makarantar sakandare kafin ya zo ƙasar nan ya kama sitiyari. Alhaji Abdul-Karim Bakatsine ne, ɗan kasuwar atamfa ne a gida, a nan shi ma direba. Tsakanin garuruwansu tafiyar hantsi ce a mota, amma ɗaya Faransanci aka koya masa, ɗaya Ingilishi. A layin tasi na filin jirgi suka haɗu, tun gashinsu yana baƙi. Tare suke cin abinci, tare suke salla, matansu tare suke zuwa sayen kayan miya. Abu ɗaya ne ba su taɓa yi tare ba, shi ne yarda da magana.

Magana ta biyu, musun kansa. Kun san Napoleon, sarkin Faransa da ya naɗa kansa a 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Ya ci ƙasashen Turai ɗaya bayan ɗaya, ya je Rasha sanyi da yunwa suka cinye masa runduna, a ƙarshe Turawan Ingila da Jamusawan Prussia suka gama da shi a Waterloo a 1815. Wannan kowa ya yarda. Rigimar tana farawa ne daga kalmar nan 'yar ƙarama: da, wato da an yi kaza, da kaza ya faru.

Malam zai jawo kwanon miya ya ce wannan Faransa ce, ya jera mini dunƙulen magi ya ce Ingila ke nan. Sai ya ce, “Alhaji, ka saurara. An kwana ana ruwa, fili ya zama taɓo, igwa ba ta jawuwa. Dole mutumin ya jira ƙasa ta sha iska, jiran nan shi ya ba Jamusawa damar isowa. Da ruwan nan bai sauko ba, kafin azahar an gama da Ingila. Da ya ci, Faransa ce uwar ɗakin duniya. Da Faransa ce, babu mai zuwa daga baya ya ja layi tsakanin Maraɗi da Katsina. Da ni da kai fasfo ɗaya!”

Alhaji zai suɗe hannu ya ce, “Malam, ka gama? To, ya ci ranar Lahadi. Litinin fa? Rasha na tafe, Austria na tafe. Kuma teku a hannun wa take tun da aka nutsar masa da jirage a Trafalgar? Da ƙafa zai taka zuwa Legas? Mutumin da ya sayar wa Amurka yankin Louisiana ɗungurungum, shi ne zai riƙe duniya?”

Malam ya ce, “Da bai sayar ba, yau Faransanci za ka yi wa ɗan sanda in ya tare ka!”

Alhaji ya ce, “Tikitin tarar dai ba zai ragu ba.”

Haka kullum. Wata rana a hana Napoleon zuwa Masko, wata rana a bar shi ya zauna a Masar ya musulunta, wata rana Malam ya tsallakar da shi Ingila cikin hazo. Shugaban taronmu ma, mutumin Ghana, ya taɓa sa baki, ya ce da Turawa sun ci gaba da dukan juna, da masarautar Asante ta riƙe bakin teku, da duk Kumasi muke zuwa neman aiki. Suka haɗu suka ce masa ya ci tuwonsa. Ni kuwa asarata magi, domin sojan da ya faɗa miya ba ya komawa kwali.

Magana ta uku ba ta dariya ba ce, ku yi mini haƙuri. A wani taron suna a Bronx, musu ya yi zafi a gaban jama'a, ana ta dariya, dariyar ta ɗebi Alhaji, ya ce, “Kai da Faransancinka da digirinka, ba layi ɗaya muke bi a filin jirgi ba? Me Napoleon ya tsinana maka?” Na nemi izininsa kafin in maimaita wannan, ya ce in faɗa yadda aka yi. Malam ya miƙe. Ya ɗauki hularsa, ya sa takalmi, ya fita.

Jama'a, mutumin da ya bar allo da ɗalibai ya zo yana ɗaukar wa baƙi akwati, ya san abin da ya bari, ba ya bukatar amininsa ya tuna masa a bainar jama'a. Daga ranar suka daina magana. Abin bai tsaya a kansu ba. Mutanen Nijar suka koma zuwa shagona da la'asar, mutanen Najeriya da azahar, kamar an raba musu shif. Aka fara raɗe-raɗin kowa ya yi taron Sallarsa daban. Layin da Malam yake cewa da ba a ja ba, sai ga shi mun ja shi da hannunmu a tsakiyar Queens.

Ana cikin haka, wata safiya Malam ya faɗi a ƙofar gida. Shanyewar ɓarin jiki. Allah Ya sa da sauran kwana, amma baki ya rufe. Mutumin da ke magana da harshe uku, ko ruwa ba ya iya roƙa. Aka kai shi gidan jinya inda ake masa gashi, watanni suna wucewa, hannu ya fara motsi, ƙafa ta fara taku, harshe shiru.

Alhaji ya zo shagona, ya zauna, na zuba masa abinci ya kasa ci. Ya ce, “Hajiya, in na je zai kore ni.” Na ce, “Da wane bakin? Tashi ka riƙe mini kular nan.” Muka tafi. Ya durƙusa gaban gado, dattijo da furfurarsa, ya ce, “Malam, na yi kuskure, ka yafe mini.” Malam ya juya fuska bango. Washegari Alhaji ya koma, aka juya masa baya. Bai fasa ba, kullum in ya sauke fasinjan safe sai ya biya.

'Yarmu Kaneng, mutuniyar Jos, tana aiki a wurin, ga ta can tana ɓoye fuska. Ita ta ce masa, “Baba, kullum haƙuri kake ba shi, shi kuma barci yake ji. Ka yi masa zancen da zai motsa shi mana.”

Ranar da abin ya faru ina wurin, na kai kunu. Alhaji ya gyara zama, ya dubi silin, ya ce da ni, ba da Malam ba, “Hajiya, ashe duk shekarun nan yaudararmu aka yi. Na bincika. Ranar Waterloo ko ɗigo ba a yi ba. Rana ƙwal, ƙasa a bushe kamar filin idi.” Na ga kunnen Malam ya motsa. Alhaji ya ci gaba, “Jamusawa ma ba su zo ba, ɓatan hanya suka yi. Mutumin dai barci ya yi har azahar, ya tashi ya tarar an gama.” Malam ya juyo. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, leɓensa yana rawa, hannun nan mai lafiya ya damƙe bargo. Hajiya Ramatu ta ce, “Alhaji, don Allah bari.” Alhaji ya ce, “Ai gaskiya ce. Kuma ma, an ce asalinsa ɗan Ingila ne.”

Sai muka ji, daga can ƙasan maƙogwaro, a karkace amma sarai: “Ƙarya!”

Kofin kunu ya suɓuce mini. Hajiya Ramatu ta faɗi ta yi sujada. Kaneng ta fita da gudu kiran likita. Alhaji kuwa hawaye na bin gemunsa, yana dariya, yana cewa, “Ƙara faɗa, Malam! Wallahi ƙarya nake, ƙara faɗa!” Malam ya ƙara. Sannan ya miƙa hannu ya kama wuyan rigar Alhaji, bai sake shi ba har likita ya shigo.

Magana ta ƙarshe, tunda an ba ni lasifika, ni ma yau zan faɗi nawa hasashen. Da Napoleon ya ci, a ganina, da yanzu muna wani zaure a bayan birnin Paris, da tuwona ana cinsa da dogon burodi, da Alhaji Abdul-Karim ne yake buga teburi yana cewa da Ingila ta ci da mun huta, Malam Boubacar yana ce masa mafarki yake. Ko wa ya ci a cikinsu, ba wanda ya aiko Katsina ko Maraɗi ko zangon Kumasi ya tambayi ra'ayin kakanninmu. Abin da aka yi a Turai ya wuce, sai dai mu yi nishaɗi da shi. Amma wanda za mu gaisa da shi, da wanda za mu dubo a asibiti, da inda za mu yi Sallar bana, wannan a hannunmu yake. Ku yi musu, musu yana da daɗi. Ku yi musu a kan sarakuna, ku yi musu a kan ƙwallo, ku yi musu a kan shinkafar wa ta fi, amma kada ku taɓa inda ɗan'uwanku yake jin ciwo.

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, Ya saka wa Hajiya Ramatu da ta yi jinya ba ƙorafi. Allah Ya tsare direbobinmu a kan titi, Ya ba masu jinya ƙarfin ƙafa, Ya shirya mana yaranmu. Allah Ya zaunar da Nijar da Najeriya da Ghana lafiya, da wannan ƙasa da muke ci a cikinta. Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yanzu Malam ya ce shi ma zai gaishe ku da bakinsa. Kalmomin suna zuwar masa ɗai-ɗai, zai ɗauki lokaci. Mu jira shi. Kada wanda ya ƙarasa masa magana. Alhaji Abdul-Karim, da kai nake.

Na gode ƙwarai da kuka saurare ni.