Gam ɗin Tankin Mai

A tashar Unguwa Uku, ana yayyafi, wani direba ya tsaya gaban teburin mai sayar da gam.

"Baba, ba ni gam mai haɗi biyu. Tankin maina ya tsage."

"Ka liƙe, ka bar shi ya kwana. Da danshin nan ma, kwana biyu."

"Fasinja sun cika, Abuja za mu, bikin miƙa mulki ga farar hula. Ai minti goma yake bushewa."

"Samansa ke bushewa, cikinsa ɗanye ne. Da ya ji zafi zai saki. Haka motar da ɗana Ƙasimu ya shiga ta kama da wuta a Kwanar Dangora."

"Allah ya jiƙansa. Shi direban ba wanda ya gargaɗe shi?"

"Ni na sayar masa, ban ce komai ba. Mayar da kuɗinka aljihu."