Saƙon da Ya Jira Ni a Tashar Gummi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Da ƙarar makulli a cikin kwanon samira abin ya fara.

Ina tankaɗen garin dawa da hantsi a gidanmu na Bukkuyum, sai na ji ƙwal daga ɗaki. Na san kwanon. A ciki na ajiye makullin babbar motar Bulus, mijin ƙanwata Rifkatu, wanda ya rasu wata uku kafin nan. Tun rasuwar, ita da ɗiyarta Godiya suna wurina.

Na ce, "Rifkatu, me kike nema a kwanon nan?"

Ta fito da shi a hannu. "Yaya, mota tana Zuru tana tsatsa, ni ina nan ina cinye miki dawa. Zan ɗauko ta."

"Ki ba wa?"

"In tuƙa."

Na yi dariya har gari ya shiga mini hanci. Ita ba ta yi ba. Ta ce shekara shida tana zama gefen Bulus, shi ya koya mata, har lasisi ya yi mata.

Ba zan ɓoye muku ba, don shaida ba ta son kwaskwarima. Ba hatsarin hanya na fara tunawa ba. Bakin mutane na tuna. Mijina malamin makaranta ne a Anka, ni ina cikin mawaƙan zumunta, a ce ƙanwata tana kwana tasha cikin maza? Da na kasa hana ta, sai na ce kada motar nan ta taɓa shigowa Bukkuyum, kada kuma ko mutum ɗaya a tasha ya san gidana ko sunana.

Ta dube ni ta ce, "Na ji, Yaya."

Rifkatu kuwa in ta ce ta ji, an gama.

Shekara biyu tana yi. Ta yi lodin wake ko gero a Gummi, ta bi ta Zuru da Kontagora har Ibadan, ta dawo cikin kwana tara. Sai ta bar motar a tashar Gummi, ta sake kaya, ta shigo ƙaramar mota ta iso mana kamar wadda ta dawo biki. Wanda ya tambaye ni sai in ce fataucin wake take yi. Amma ina ganin hannuwanta. Sun yi kanta, baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin farce, ko da omo ba ya fita. Takan ba ni labarin yadda take ƙin shan ruwa yini guda don babu inda mace za ta kewaya a hanya, da yadda direbobi suka sa mata suna Mai Ɗankwali, da fari don ba'a, daga baya don girma. Da na ji sallamar baƙo sai in ce, "Yi shiru."

Ubangiji ya gafarta mini!

Da daminar shekara ta biyu ta tafi. Kwana tara ya cika, shiru. Goma. Goma sha biyu. A lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba, mijina kuma sai ƙarshen wata yake zuwa.

Maƙwabciyata Inna Hajara, tsohuwa Musulma mai kirki, ta shigo ɗiban wuta ta tarar da ni zaune, tukunya tana ƙonewa. Ta sauke ta, ta ce, "Maman Ishaya, in direba ya wuce kwanansa, tasha aka zuwa. Can labari ka sauka."

Na ce, "Wane direba, Inna?"

"Ke dai! Ɗana direba na. Ni za a ɓoye ma hannun direba? Tashi ki tai Gummi."

Ta gaya mini al'adarsu ce. In wani abu ya sami direba a hanya, saƙo yakan bi baki da baki, mota zuwa mota, har ya iso tashar da ya yi lodi. Dangi kuma ba sa wuce kwana uku ba su je sun tambaya ba.

Kun san ban je ba? Na ce ruwa ya ɓata hanya. Na ce bari Baban Ishaya ya dawo. Gaskiyar ita ce na kasa ganin kaina a tsakiyar tasha ina cewa ni ce yayar Mai Ɗankwali.

Sai na koma azumi. Na yi kuka, na yi roƙo, jinina ya hau har idona yana ganin duhu-duhu. Godiya, tana da shekara shida, ta daina cin tuwo. Ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta kafa a bakin ƙofa, duk ƙaramar motar da ta tsaya sai ta miƙe.

Ranar Alhamis da la'asar, a taron zumunta, na ce a sa wata matafiya cikin addu'a. Shugabarmu, Mama Saratu, ta ce, "Faɗi sunanta mu kai gaban Ubangiji."

Muka durƙusa. Kowa yana addu'a, ni na kasa fitar da kalma ko ɗaya. A nan na ji a zuciyata, ba da tsawa ba, a hankali: kina roƙona in nemo wadda ke kike jin kunyar nema?

'Yan'uwa, na fashe da kuka. Na ce, "Rifkatu ce! Ƙanwata ce! Direbar babbar mota ce, ni na ɓoye ta!"

Babu wadda ta yi tsaki. Mama Saratu ta riƙe kaina ta ce, "Gobe da safe tare za mu."

Kwana ashirin da uku da tafiyarta muka shiga tashar Gummi. Aka nuna mana shugaban direbobi, wani dattijo, Alhaji Bawa, yana shan shayi a kan benci. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya aje kofin. "Ke ta yayar Mai Ɗankwali? Baiwar Allah, ina kinka shiga? Kwana goma sha huɗu saƙonta na nan wurinmu!"

Ya ce tana dawowa taya ta fashe mata gaba da Kontagora. Ita da yaron motarta suna canzawa jak ya zame, ƙarfe ya danne mata ƙafa. Direbobi suka kai ta gidan wani mai ɗori a ƙauyen bakin hanya.

"Mun tambaye ta ina danginta, ta ce an hana ta hwaɗi. Ta ce ku dai aje saƙo Gummi, Yayata za ta taho nema."

Wayyo Yesu! Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

Alhaji Bawa ne ya sa aka ɗora ni gaban wata motar da za ta kudu. Ranar na fara hawa irin wurin da ƙanwata take zama.

Na tarar da ita kwance a kan tabarma, ƙafar ta kumbura kamar turmi, tana wari, zazzaɓi ya ɗauke hankalinta. Gefenta ga burodi, ga fura, ga lemo, abin da direbobi masu wucewa suke tsayawa su aje mata. Mutanen da nake ƙyama su suka riƙe ta. Ta dube ni ba ta gane ni ba.

Muka kai ta asibiti. Likita ya ce ba zai yi mini alkawarin ƙafar ba, ko ran ma. Mako uku ina gefen gadon. Ban iya komai ba sai fifita da kiran sunan Yesu. Ko addu'a mai tsari na kasa, sai dai "Ka ji ƙai, ka ji ƙai."

Ya kuwa ji. Haleluya! Zazzaɓin ya sauka. An cire mata yatsun ƙafa biyu, har yau tana ɗingishi, amma ƙafar tana nan, ran yana nan.

Da ta dawo hayyacinta na durƙusa na roƙe ta gafara. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Yaya, duk motar da na ji ta tsaya, sai in ce ke ce."

Ina gode wa Ubangiji da ya raya ƙanwata, ya kuma fid da ni daga bautar bakin mutane. Yatsun nan biyu ba za su dawo ba, na sani, kuma ina ɗauke da wannan. Ina roƙonku, ku dogara ga Yesu. In kuma ya nuna muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa, kada ku kwana ba ku je ba.

Bayan shekara guda Rifkatu ta koma hanya. Ni da Godiya muka raka ta har cikin tasha. Ta hau, ta tayar da mota, ni ina tsaye ina kallo. Sai yarinyar ta ja mini zane ta ce, "Inna, ɗaga hannunki sama sosai. Daga can bisa ba ta ganinmu in ba ki ɗaga ba."