Gorar Kamfani, Zoɓon Kulu

A tashar Kankia, ana jiran motar Kusada ta cika, Maharazu ya kurɓi zoɓon sabon kamfanin garin, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai jan ruwa ne kawai! Ba citta, ba kanumfari. Duk basirar a jikin gora ta ƙare."

Wani alhaji da ke gefensa ya gyara zama. "Haba malam! Shekaranjiya na sha shi wurin suna a Kaikai, yaji har kunne. Gora biyu na shanye."

"A Kaikai? Murfin a liƙe yake?"

"A buɗe aka miƙo mani."

Maharazu ya tuntsire da dariya. "To na Kulu ka sha, mai ɗakina! Ita ke aiko ni in sayo, in daure in shanye, ta wanke gorar ta ɗura nata. Mutane na ganin tambarin nan sai wawaso."

Alhajin ya ƙura wa gorar ido.

"Malam, kamfanin nawa ne."

Maharazu ya yi wuf ya ce, "Ranka shi daɗe, ai in da sanyi ba laifi..."

"Bar wannan zancen. Ita Kulun, tana son aiki?"