Zoben da Wendell Prewitt Ya Ƙi Karɓa

Shugaban Jami'ar Calloway, Daraktan Wasanni, Fasto Hargrove, Uwargida Lorene da 'ya'ya da jikoki, jama'a, ina gaishe ku. Na bi jerin yadda aka rubuto mini, ko da yake biyun farko sun shekara tara ba su taka ofishin marigayi ba.

Wendell Prewitt ya kasance mai kula da taskar tarihin jami'armu shekara talatin da huɗu. Ya kasance mutumin da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba agogo biyu. Mun sha yi masa dariya a kan haka.

Kun san tutar da ke rataye a filin ƙwallonmu: Zakarun Ƙasa, 1938. A waccan shekarar, ƙuri'ar 'yan jarida ta ajiye mu na goma sha ɗaya. Amma wani malamin lissafi mai jera ƙungiyoyi da alƙaluma ya fitar da littafi. Bugun farko ya ce mu ne zakaru, bugu na biyu ya gyara, ya ba wata jami'a. Shekara tara da suka wuce, ofishin wasanni ya tono na farko, ya kai wa Wendell ya sa hannu cewa mu ne zakaru. Wendell ya ɗauko na biyu ya ajiye kusa da shi.

Aka ce masa ai kowace jami'a haka take yi. Aka tuna masa mahaifinsa ya buga wa ƙungiyar, za a ba shi zoben da ake ba zakaru, da sunan tsohon a jiki. Ya ce, "Sau biyu aka lallasa su Baba a shekarar, ɗaya ma a gida, cikin taɓo. In sa zoben nan in je kabarinsa in ce masa me?"

Ladansa shi ne aka mai da ofishinsa ƙarƙashin ƙasa, aka ƙwace kujerarsa ta filin ƙwallo. Mu kuma, malaman da ke koya wa ɗalibai tantance majiya, muka yi layi muka sayi riguna masu 1938. Tawa tana nan a gida.

Duk da haka, ya kasance ba ya rasa wasa ko ɗaya. A rediyo yake bi, kowace Asabar, yana yi wa alƙalin wasa faɗa daga kicin.

Lorene, 'yar'uwata, na ga ƙaramin akwati a hannun Darakta, na kuma ga mai ɗaukar hoto. Takardar shirin taro ta ce ina sauka za a miƙa miki zoben. Hannu naki ne, ba mai hana ki. Sai dai ki tuna, shekara tara mijinki yana cewa a'a. Jira kawai suka yi ya kasa magana.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Wendell, ya ba iyalinsa haƙuri, ya sada shi da mahaifinsa, yatsunsu duka babu zobe, ba mai jin kunyar wani. Amin.