Ranar da Na Kwance wa Lulu Igiya

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, iyayena na zumuntar mata da duk 'yan'uwan da wannan takarda za ta iske. Ni ce Rahila, 'yar Mama Saratu. Daga Jidda nake rubuto muku.

Ranar da zan taho kun ɗora mini hannu, kuka ce Allah ya raka malama. To, malantar wata biyar ta yi. An kawo ni ne in koyar da yara biyu a wani gidan Turawa, cikin unguwa mai katanga kusa da Ruwais. Da aka tura yaran makarantar kwana a ƙasarsu, Madam ta kira ni falo ta miƙo mini wata jar igiya. Ta tuna mini cewa mijinta ne kafilina, zamana a ƙasar nan a hannunsa yake. Ko in riƙa fita da Lulu safe da yamma, ko a sa ni a jirgi.

Lulu ɗan farin kare ne, bai fi zakara girma ba. Yana da sabulunsa, da likitansa, da gado a ɗaki mai sanyi. Ni nawa ɗakin yana bayan kicin.

Ni da na yi shekara huɗu a jami'a ina nazarin adabi! Ni da nake rubuta wa teku waƙa tun ban taɓa ganinsa ba, ga ni ina jin ƙamshinsa da leda a hannu, ina jiran kare ya yi kashi in kwashe!

Sai na fara ƙarya. Duk Lahadi Mama za ta tambaye ni ɗalibai, in ce suna ƙoƙari. Addu'a kuwa na daina, don fushi nake da Allah. Akwai wata dattijuwa, Hajiya Zainabu, Bahaushiyar Sudan da ke zuwa daga unguwar Hindawiyya tana girki a gidan maƙwabta. Da ta hango mu za ta tattare abayarta ta tsallaka titi saboda tsarkin kayan sallarta. Ni kuwa na ɗauka ni take ƙyama.

Ku faɗa mini, a gida wa yake ɗaure kare? Karenmu Duna yakan raka Baba gona ya dawo shi kaɗai. Wata safiya sama ta yi ruwan goro, wani baiti ya zo mini, Lulu kuma sai fizgar hannuna yake. Na kwance igiyar na ce ya je, ai ya san hanya. Kafin in gama rubuta baitin a waya, babu shi babu dalilinsa. Ashe tun da aka haife shi bai taɓa taka ƙasa babu igiya ba.

Madam ta ce Lulu ɗanta ne. Ta ce in azahar ta yi ban kawo shi ba, in haɗa kayana. Ta leƙa titi, ta leƙa ƙarƙashin mota, amma ko sau ɗaya ba ta dubi fuskata ba. 'Yan'uwa, ni ma fa 'yar wata ce!

Na zaga unguwar sau uku. Rana ta ɗaga, kwalta ta fara zafi har ina ji ta takalmi. Ina ta hango kaina a ƙofar gidanmu da jaka, ana tambaya me ya dawo da malama, ina cewa kare.

A bayan tankin ruwa na durƙusa. Ba addu'ar ladabi na yi ba. Na ce, “Ubangiji, a kan kare za ka bari a kore ni?” Na yi kuka har na gaji. Da na yi shiru, sai na tuna ƙafafunsa ba takalmi a kan kwaltar nan. Wata uku ina ja da shi, ban taɓa tunanin ƙishinsa ba. Ina jin haushin wadda ba ta dubi fuskata ba, alhali haka nake yi wa abin da aka ba ni amana. Na ce, “Ka gafarta mini. Ko za a kore ni, kada ya mutu.”

Ban tashi ba na ji murya: “Ya binti, ɗiyata, yalla, maza zo ki ɗauki ɗanki.”

Hajiya Zainabu ce. Ta iske shi a ƙofar kicin ɗinta yana haki, ta kifa masa kwandon wanki a inuwa, ta tura masa kwanon ruwa da sandar shara. Ta ce, “Ban taɓa shi ba, bai taɓa ni ba. Halas, shi ke nan, kowa ya tsira da mutuncinsa.”

Na rungume Lulu ina kuka, ina gaya mata digirina da ƙaryar da nake yi wa uwata. Ta dube ni sheƙeƙe. Ta ce shekara talatin tana wanke tukwanen mutane, da su ta aurar da 'ya'ya huɗu. “Kunyar me, ɗiyata? Sata kika yi?”

Madam ba ta ba ni haƙuri ba har yau, kuma ba zan ce muku abin ya daina yi mini ciwo ba. Amma ba a kore ni ba. Halleluya! Yanzu da izinin kafilina karnuka biyar nake fita da su a unguwar. Ina ɗaukar musu ruwa, ina naɗa igiya sau biyu a hannu, kuma kafin mu fita sai na ɗora bayan hannuna a kwalta. In ta ƙona ni, ba inda za mu.

Na gode wa Yesu da ya fid da ni daga ɗaci da ƙarya. Wanda ke ɓoye aikinsa a cikinku, ya kai kunyar gaban Ubangiji, ya dogara gare shi.

Mama, na san ke za a ba wa takardar nan ki karanta a gaban zumunta. Ɗaliban da kike gaisarwa duk Lahadi, ƙafa hurhuɗu ne da su. Suna lafiya, kuma da gaske suna ƙoƙari. Amin.