Gurbin da Malam Abduljalil Ya Ƙara a Fom

Jawabin Alhaji Abdulbaƙi Zubair Gwandu, tsohon Magatakardan Kwaleji, a taron tunawa da marigayi Malam Abduljalil Mu'az, a Kalgo.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Ku gafarce ni, zan gabatar da gyara a kan gaisuwa, domin takardar tana hannunku yanzu. A shafi na biyu na ɗan littafin da aka raba a bakin ƙofa, Malam Bashir, sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ya rubuta cewa marigayi ya mayar da rajistar kwalejin nan cikin kwamfuta a shekarar 2010, "da cikakken goyon bayan Magatakarda na lokacin". Kuskure biyu ne a jimla ɗaya. Na farko, 2013 ne. Na biyu, Magatakardan nan ni ne, kuma ban goyi baya ba. Na san Malam Bashir kara ya yi mini, Allah ya saka masa da alheri, amma a gyara.

Yanzu gaisuwa. Wakilin Uban Ƙasa, ranka ya daɗe. Limamai da malamanmu na Gwandu da Kalgo, Allah ya gafarta muku. Shugaban Kwaleji da 'yan majalisarsa. Malamai da ma'aikata. Ɗalibai na da da na yanzu. Hajiya Halimatusa'adiya, uwargidan marigayi, da 'yarsa Malama Nana, wadda ke koyarwa a nan, da sauran iyali: assalamu alaikum, ya haƙurinmu?

Ni na ɗauki Abduljalil aiki, lokacin wannan kwalejin horar da malamai, wadda iyayenmu suka kafa da gumin kansu, ba ta wuce ajujuwa huɗu ba. Ya kasance malamin lissafi kafin ya zama jami'in jarabawa. Ya kasance mai haƙuri da tsofaffi: shi ya zaunar da malaman da suka haife shi ya koya musu shigar da maki a kwamfuta, wasunsu da yatsa ɗaya, bai taɓa ƙwace madannin ya ce kawo in yi ba. Ya kasance, a shekarar da annoba ta rufe makarantu, yana yanka darasinsa gunduwa-gunduwa, minti uku-uku, ya tura da murya ta waya, saboda ya san ɗaliban ƙauyen Dangoma sai sun fita bakin hanya suke samun sabis ɗin waya, kuma dogon saƙo ba ya sauka. Waɗannan kun san su. Abin da mafi yawanku ba ku sani ba shi zan faɗa.

Da aka kawo mana manhajar rajista, fom ɗinta yana tambayar suna, sunan uba, gari, da ranar haihuwa. Abduljalil ya ƙara gurbi na biyar da kansa, ya sa masa suna "Gida". A ciki yakan rubuta irin abin da muke faɗa a baki: gidan Liman, bayan marina, gidan masunta, kusa da rijiya. Na kira shi ofis, na nuna masa kundin dokokin kwaleji.

Na ce, "Malam Abduljalil, nan kwaleji ce ko zauren mai unguwa?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka tsaya kasuwar Gwandu ka kira Abubakar Umar, mutum nawa za su waiwayo?"

"Ai akwai ranar haihuwa."

"Ɗaya ga Janairu, ranka ya daɗe. Rabin kwalejin ga ranar anka haife su. Kai ma, na duba fayil ɗinka."

Ban yi dariya ba, ko da yake gaskiya ce: hedimasta ne ya zaɓar mana ranar, ni da duk 'yan ajinmu. Na ce ai akwai lambar ɗalibi. Ya tuna mini, cikin ladabi, cewa a tsarin da ni na kafa, kowane sashe yana fara lambarsa daga ɗaya kowace shekara. Duk da haka na rubuta masa takardar gargaɗi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce na gode, Maigida, ya ci gaba da cike gurbinsa. Kowace Alhamis kuma yakan kwafe rajistar baki ɗaya a wata 'yar ma'ajiya ta kwamfuta, mai kamar ɗan yatsa, da ke rataye da makullin babur ɗinsa.

Na yi ritaya. Bara, yana kwance a asibiti, aka ba wani kamfani aikin ɗora bayananmu a sabon shafin intanet, inda duk mai ɗaukar aiki zai iya duba shaidar ɗalibinmu daga ko'ina. Abu ne mai kyau, ba na kushe shi. Amma mutanen kamfanin ba 'yan nan ba ne. Sun ga gurbin "Gida", ba su ga amfaninsa ba, suka watsar. Sannan manhajarsu, duk inda ta ga suna ɗaya da gari ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, ta ɗauka mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu, ta haɗe su. Mutum hamsin da takwas suka narke cikin waɗansu, ba wanda ya lura.

Sai da kwamitin tantance malamai ya zo. Malama Sharifa Abubakar Gwandu, ga ta can zaune a layi na uku, kuma da izininta nake magana, ta shekara tara tana koyarwa a firamare a Dangoma. Aka buga sunanta a shafinmu, shafin ya ce ta bar karatu a shekara ta biyu. Wata Sharifa Abubakar ce daban ta bar karatun, da iyalinta suka ƙaura. Aka dakatar da Malama, aka rubuta a fayil ɗinta cewa ana zargin takardarta ta jabu ce, aka ba ta zuwa ƙarshen wannan wata ta wanke kanta ko a kore ta. Ku dubi nauyin wannan: matar da ke koya wa 'ya'yan mutane gaskiya, a ce ta shiga aji da ƙarya.

Ta zo gidan Abduljalil, kwanansa shida da sallama daga asibiti. Hajiya ta gaya mini bai tambayi Malama Sharifa lamba ba. Cewa ya yi, "Ke ɗiyar wane gida ta?" Ta ce gidan Buba Maɗinki. Ya ce, "To, ke ce kinka gama. Waccan ta gidan Ladan ce." Ya kwance 'yar ma'ajiyar daga makulli, kuma haka aka tarar a rubuce.

Mun zaci magana ta ƙare. Kwamiti ya ce a'a: gyaran mutum ɗaya ya yi kama da alfarma. Ko dai a kawo dukan hamsin da takwas, kowane da sa hannun maigidan gidan da ya fito ko mai unguwarsa, ko a bar fayil yadda yake. Ba na zargin kwamiti. Da ni ne haka zan ce.

Ya kasance, jama'a, mutumin da likita ya hana hawa babur, amma ya hau. Ya kasance yana fita da hantsi da fom a jaka, gida-gida, Gwandu da Kalgo da ƙauyukansu, yana zama a zaure ana gaisawa, ana yi masa jajen ramar da ya yi, har a zo ga sa hannu. Ya kasance ba ya tsallake suna don gidan ya yi nisa. Ya kammala arba'in da ɗaya. Sannan Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar bakwai Hajiya ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini jakar da makullin, ta ce, "Alhaji, cewa ya yi a ba ka. Wai kai kaɗai za ka bi layi ɗaya-ɗaya ba ka gaji ba, kuma in akwai kuskure sai ka tono shi, ko don ka ji daɗi."

Ina da shekara saba'in da shida, kuma har ranar ban taɓa buɗe kwamfuta da hannuna ba. Malama Nana ta zaunar da ni gaban ta mahaifinta. Na danna abin da bai kamata ba har sau uku. Ta ce, "Baba, ba a bugun ta kamar tafireta, ba ta yi maka laifi ba." Muka fitar da sunaye goma sha bakwai da suka rage, na karanta gurbin da na taɓa rubuta takardar gargaɗi a kansa, na bi shi kamar taswira. A Dangoma wata dattijuwa, Hajjo, ta dube ni ta ce, "Ina mai babur ɗin? Shi munka sani." Da na gaya mata, ta yi salati, ta aika aka kira maigidan daga gona, ta hana ni tashi sai da na sha fura.

Na kuma tono kuskuren, don kada ya ce ban yi aikina ba: wuri ɗaya ya rubuta gabas da masallaci, alhali gidan yana yamma. Ɗaya ke nan cikin hamsin da takwas.

Mun miƙa takardun saura kwana tara wa'adi ya cika. Ba zan ɓoye muku ba, na yi fargabar in tsaya a nan yau in yabi mutum alhali aikinsa yana rataye. Shekaranjiya Alhamis, da azahar, amsa ta iso ta imel, Malama Nana ta karanta mini ta waya. An karɓi dukan hamsin da takwas. Na ajiye wayar, na yi sujada, kuma gwiwoyin nan da kuka sani ba su yi mini gardama ba.

Hajiya Halimatusa'adiya, kin yi faɗa da shi a kan babur ɗin nan, kuma kina da gaskiya. Amma ki sani ba a banza ya fita ba. Malama Nana, mahaifinki ya bar miki kwamfuta, ya kuma bar miki sanin cewa kowane layi a cikinta ɗan gidan wani ne. Ki riƙe duka biyun. Shugaban Kwaleji, na gode da ka sa aka mayar da gurbin a sabon shafi. Ina roƙon kada wanda zai gaje ka ya cire shi.

Na gode wa masu unguwanni da magidanta da suka sa hannu, da ku duka da kuka saurari tsoho har ƙarshe. Allah ya gafarta wa Abduljalil, ya yalwata kabarinsa, ya kira shi da sunan da ba ya rikicewa da na kowa, cikin bayinsa na gari. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ga waɗanda za a aika wa wannan jawabi a rubuce, na haɗa da takardu uku.

Ta farko, shafi ɗaya da marigayi ya rubuta da hannunsa kan yadda ake cike gurbin gida. Ban taɓa ko waƙafi ba.

Ta biyu, sunayen mutum hamsin da takwas da sababbin lambobinsu. Kowa ya duba nasa a shafin kwaleji, wanda ya ga kuskure ya same ni a gida bayan la'asar.

Ta uku, kwafin wasiƙar kwamiti zuwa ga Malama Sharifa Abubakar Gwandu, ta gidan Buba Maɗinki. An soke kalmar jabu daga fayil ɗinta. 'Yan aji huɗu na Dangoma sun yi wata biyar ba malama; jibi Litinin, ƙarfe takwas, za ta shiga ta kira sunayensu.